Yadda Ake Fitar da Fararen Ƙwayoyin Jini Daga Ɓeran Bincike

Duk wanda ya tashi a unguwar Nima ko Mamobi ta Accra ya san yadda dattijon kirki yake yin Layya. Tun rago yana ɗaure a bayan gida ya wasa wuƙarsa, an haƙa rami, an ɗebo ruwa, an jera tire da faranti. Ba a kayar da dabba sannan a shiga neman dutsen washi. Wannan tarbiyyar ce ta fi yi mini rana da na fara aiki da ɓeraye a ɗakin bincike a nan Accra, domin yawancin ɓarnar da ɗalibi kan yi wajen fitar da fararen ƙwayoyin jini, ya riga ya yi ta tun kafin ya taɓa ɓeran. Daga lokacin da ran dabbar ya fita, ƙwayoyin sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk mintin da ka ɓata wajen neman almakashi, a kansu yake ƙarewa.

Ƙannenmu na Zango suna ƙara shiga wannan fanni, wasu a cibiyar Noguchi da ke Legon, wadda aka buɗe a 1979 don tunawa da likitan Japan Hideyo Noguchi da cutar shawara ta kashe a Accra a 1928, wasu a cibiyar bincike ta WACCBIP, wasu kuma a cibiyar bincike ta KCCR da ke Kumasi. Saboda su na rubuta wannan. Ba zai ɗauke maka zama kusa da gwani ka ga yadda hannunsa yake tafiya ba, amma zai sa ka je masa da ido a buɗe.

Izini, da haƙƙin dabbar

Kada ka taɓa ɓera sai kwamitin kula da dabbobin bincike na cibiyarku ya amince da aikin a rubuce, kuma an horar da kai kan riƙo da kisa. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da ake bi har yau: in akwai hanyar da ba ta buƙatar dabba a bi ta, in babu a rage yawan dabbobin, sannan a sauƙaƙa musu wahala iyakar iyawa. Mu wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu, tun muna makarantar allo muke jin hadisin da ya ce a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yankan.

A aikace ma'anarsa ita ce ka yi shawara da abokan aikinka. In kai saifa kake so, wataƙila wata tana neman ɓargo, wani yana neman jini. Ɓera ɗaya ya ishe ku ku uku.

Daga ina za ka ɗebo?

Tambayar bincikenka ce take zaɓar gaɓar. Saifa ce uwar ɗaki: saifar baligin ɓera mai lafiya, nau'in BALB/c ko C57BL/6, takan ba da ƙwaya miliyan 50 zuwa 100, wajen rabinsu fararen ƙwayoyin da ake kira limfosait nau'in B, kusan kashi ɗaya cikin uku nau'in T. Jini kuwa kaɗan ne. Ɓera mai giram 25 duk jinin jikinsa bai wuce mililita 2 ba, abin da za ka iya zuƙowa daga zuciya rabin mililita ne zuwa ɗaya, fararen ƙwayoyin ciki 'yan miliyoyi ne kawai. Wanda ya saba da jinin mutane a asibiti ya lura da wani abu: a jinin ɗan Adam nutirofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin, su ne suka fi yawa, a jinin ɓera kuwa limfosait ne suka rinjaya nesa ba kusa ba. Saboda haka mai neman nutirofil da yawa ɓargon ƙashi zai nufa. Kaluluwa tana ba da limfosait masu tsabta, kusan babu jan jini a ciki, sai dai ƙanana ce, tana ɓuya cikin kitse.

Zan fi daɗewa a kan saifa, domin wanda ya iya ta ya iya rabin sauran.

Shiri, tun jajibiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana ɗaya kafin aikin ka tanadi ruwan PBS, wato ruwan gishiri da ake wanke ƙwayoyi da shi, marar kalsiyam da magnesiyam, ka zuba masa kashi 2 cikin 100 na FBS, wato ruwan jinin ɗan tayin saniya, ka sa a firji; wannan haɗin shi zan riƙa kira ruwan sanyi. Wannan 'yar furotin ɗin tana hana ƙwayoyin manne wa jikin roba, tana kuma tsawaita ransu. In za ka yi renon ƙwayoyin, wato ka ci gaba da raya su a faranti, ka haɗa ruwan reno na RPMI 1640 da kashi 10 na FBS, da penisilin da sitireftomaisin, da maikuromola 50 na 2-makaftoetanol, wanda limfosait na ɓera suke buƙata.

Ruwan fasa jajayen ƙwayoyi, wanda ake kira ACK, ba sai ka jira an yi odarsa daga waje ba. A lita ɗaya ta tataccen ruwa ka narkar da giram 8.29 na amoniyam kuloraid, giram 1 na fotasiyam baikabonet, da miligiram 37.2 na EDTA. Ka daidaita pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.4, ka tace ta matata mai maikuromita 0.22, ka rubuta kwanan wata a jikin kwalbar. Ka rufe ta gam, domin in ta daɗe tana shan iska pH ɗinta yakan goce.

Sai almakashi biyu da hantsaki biyu da aka dafa a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, saiti ɗaya na fata, ɗaya na cikin ciki. Sifirit mai kashi 70. Rariyar ƙwayoyi mai maikuromita 70, sirinji mai mililita 5, farantan Petri, bututai masu mililita 15 da 50 waɗanda ka riga ka rubuta wa lambar kowane ɓera a jiki da kan murfi. Ka yi rubutun da alƙalamin da sifirit ba ya gogewa.

Sannan ƙanƙara. A Accra wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka cika kula biyu, ɗaya a kan tebur, ɗaya a ajiye, domin in aka ɗauke wuta ko injin ƙanƙara ya tsaya, ba ka da lokacin fita nema. Ka kunna santirifuj, wato injin da ke juya bututu har ƙwayoyi su kwanta a gindi, tun da wuri ya sauka zuwa digiri 4, ka kuma rubuta sunanka a takardar layin amfani da shi. Wannan na ƙarshen da hasara na koye shi, zan zo kansa.

Kisa da ciro saifa

Ka yi aikin a lokaci guda kowace rana, domin yawan fararen ƙwayoyi a jinin ɓera yana hawa da sauka tsakanin dare da rana. Ka ɗauko kejin a natse, ba jijjiga, ba hayaniya. Tsoro yana sa jikin dabbar ya saki sinadarin kotikostiron, shi kuwa yana sauya lissafin ƙwayoyin da kake son aunawa. Ka bi hanyar kisan da kwamiti ya amince maka, ko iskar kabon dayoksaid da ake saki a hankali, ko aisofuloren, sannan ka tabbatar da mutuwa ta hanya ta biyu kamar gocar da wuya. Kada ka yi a gaban sauran ɓerayen.

Kwantar da shi a gefensa na dama, hagunsa yana sama. Jiƙa gashin da sifirit sosai don kada ya tashi ya shiga cikin yanka. Ɗaga fatar da hantsaki a ƙasan haƙarƙari, ka ɗan tsaga, ka ja ta gefe biyu. Ta cikin siririn tantanin ciki za ka hango saifar, doguwa, ja mai duhu, kamar ɗan wake da aka miƙar. Yanzu sauya almakashi da hantsaki. Tsaga tantanin, ka kama kitsen da ke riƙe da ita, kada ka kama ita kanta domin tana da saurin fashewa, ka ɗago ta ka yanke jijiyoyin ƙarƙashi. Akwai wani abu mai kama da kitse, fari-fari da ɗan ja, manne da ita: fankiriyas ne. Share shi tas, domin sinadaran narkar da abinci da ke cikinsa suna cin ƙwayoyinka. Kada almakashinka ya huda hanji. In ya huda kuma reno za ka yi, ka rubuta a littafi, ka sa ran gurɓata.

Jefa saifar cikin mililita 5 na ruwan sanyi a kan ƙanƙara. In gwajinka na zazzaɓin cizon sauro ne, ka auna nauyinta tukuna. Ɓeran da aka sa wa Plasmodium berghei saifarsa takan kumbura ta ninka girmanta, ta yi baƙi saboda dattin jinin da ƙwayar cutar take bari, kuma wannan nauyin shi kansa sakamako ne.

Murza ta

Ɗora rariyar a bakin bututu mai mililita 50, ka jiƙa ta da mililita 1 ko 2 na ruwan sanyi. Ɗora saifar, ka ɗan yanka ta gida uku. Zare sandar sirinji, ka yi amfani da bakinta mai roba ka riƙa dannawa kana ɗan zagayawa. Ba daka ba ce, taushi ake so, kamar mai dama fura da bayan ludayi. Za ka ga jan ruwa mai kauri yana sauka. Kurkura da mililita 5, ka sake murzawa, ka sake kurkurawa, har abin da ya rage a kan rariyar ya zama farin ɓawo kamar zare. Wannan ba ka buƙatarsa, kada ka tilasta masa wucewa.

In rariya ta ƙare, gilasan madubin likita guda biyu masu kaushin baki suna yi: ka sa saifar tsakanin kaushin biyu ka murza a cikin farantin Petri, ka bar manyan gutsattsarin su kwanta na minti 2, ka ɗebe ruwan sama. Wanda yake neman wasu nau'ikan fararen ƙwayoyin, makurofaj ko ƙwayoyin dendiritik, murza kaɗai ba za ta sake su duka ba, sai ya jiƙa yankakkiyar saifar a kolajines, sinadarin da ke sassauta naman gaɓa, na kusan minti 30 a digiri 37 kafin ya tace.

Juya a santirifuj a ƙarfin g 300 zuwa 400, minti 5, a digiri 4. A nan ɗalibai da yawa suke faɗuwa, domin takarda tana maganar g, wato ƙarfin da juyin yake danna ƙwayoyin ƙasa da shi, injin kuma yana nuna yawan juyi a minti. Ba abu ɗaya ba ne, ya danganta da tsawon hannun injin. A injin da hannunsa ya kai santimita 15, juyi 1,340 a minti shi ne kusan g 300. Wannan juyin a ƙaramin inji mai santimita 8 bai wuce g 160 ba, rabin ƙwayoyinka suna yawo a ruwan da za ka zubar. Nemi maɓallin da ke sauya lissafin, ko ka auna hannun da rula ka lissafa.

Fasa jajayen ƙwayoyi

Tsiyaye ruwan sama da karkatawa ɗaya, ba tare da komawa ba. A gindin bututun za ka ga jan dunƙule. Kafin ka zuba komai, ɗan ƙwanƙwasa gindin da yatsa har dunƙulen ya warware cikin ɗigon da ya rage. In ka zuba ACK a kan dunƙule mai tauri, na waje su sha wuya, na ciki ko taɓa su bai yi ba.

ACK ba ya son sanyi, ka fitar da shi daga firji tun da wuri. Zuba mililita 2 zuwa 3 a kan saifa ɗaya, ka gauraya a hankali, ka danna agogo nan take. Abin da ke faruwa shi ne, amoniya tana kutsawa cikin jar ƙwaya, ita kuma tana da wata ƙofa a fatarta da ke musayar baikabonet da kuloraid, sai gishiri ya taru a ciki, ruwa ya bi shi, ta kumbura ta fashe. Fararen ƙwayoyi ba su da wannan ƙofar da yawa, shi ya sa suke jurewa, amma juriyar tana da iyaka. Idonka zai gaya maka: ruwan da yake ja mai duhu kamar zoɓo mai kauri zai washe, haske ya riƙa ratsa shi. Minti 2 zuwa 3 yakan isa, kada ka haura 5. Takardun Turai in sun ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 22 suke nufi. Ɗakin da na'urar sanyaya iska ta mutu a watan Maris a Accra yana iya kaiwa 30, kuma a wannan zafin komai ya fi sauri. Ka tsaya a gajeren lokacin.

A shekarata ta farko na zuba ACK a bututai shida a jere, na ɗauka zuwa santirifuj, na tarar wani ya sa nasa aikin na minti 20. Maimakon in cika bututan da ruwan sanyi in tsayar da fashewar, sai na tsaya jira da su a hannu. Da na duba a madubin likita, fiye da rabin ƙwayoyin sun rine shuɗi, wato sun mutu. Ɓeraye shida ne da aka yi makonni ana ba su magani ana auna su kullum. Babbar ma'aikaciyar ɗakin ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ƙanena, ruwan tsayarwa yana hannunka na hagu kafin na dama ya zuba ACK." Har yau haka nake yi, kuma ba na fasa fiye da bututu huɗu a lokaci guda.

Da lokaci ya cika, zuba mililita 10 ko fiye na ruwan sanyi mai FBS, ka juya kamar ɗazu. Dunƙulen ya kamata ya fito fari ko ruwan madara. In da sauran ja, ka sake fasawa sau ɗaya na minti 1. Amma saifar ɓera mai zazzaɓi takan ƙi yin fari ko sau nawa ka fasa, domin cike take da jajayen ƙwayoyi 'yan jarirai da saifar take ƙerawa don cike gurbin jinin da aka rasa, su kuwa ba sa fashewa da sauƙi. Kada ka kashe fararen wajen bin su. Ka bar su, in ka zo tantancewa ka ware su da alamar Ter119 ta jajayen ƙwayoyi, ka riƙe masu CD45, alamar farare.

Sau da yawa bayan fasawa za ka ga wani farin abu mai yauƙi kamar majina yana yawo. DNA ne na ƙwayoyin da suka mutu, yana kama rayayyu yana dunƙule su. Sake tacewa ta sabuwar rariya. In yana yawan damunka ka sa DNase kaɗan, wato sinadarin da ke yayyanka DNA, amma ka tuna ba ya aiki a ruwan da ke da EDTA.

Ƙirge

Narkar da dunƙulen a mililita 10. Gauraya sosai dab da ɗiba, domin ƙwayoyi suna kwanciya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ɗebi maikurolita 10, ka haɗa da 40 na PBS da 50 na shuɗin tiraifan mai kashi 0.4, ka ga an sirka sau 10 ke nan. Ɗiga maikurolita 10 a gilashin ƙirge na Neubauer. Rayayyu za su fito zagayayyu suna sheƙi kamar ƙananan duwatsun wuya, matattu sun sha shuɗi sun dushe. Ka gama cikin minti 5, in ba haka ba shuɗin zai fara shiga masu rai ma.

Ƙirga manyan murabba'ai huɗu na kusurwa. Wadda ta hau layin sama ko na hagu ka sa ta, ta layin ƙasa ko dama ka bar ta. A ce ka samu 82, 75, 90 da 73. Jimla 320, matsakaici 80. Ninka da 10 na sirki, ka sake ninkawa da 10,000, ka samu miliyan 8 a kowace mililita, wato miliyan 80 a bututun. Matattu ka ƙirga su daban. In masu rai sun gaza kashi 90 cikin 100, koma baya ka binciki ƙanƙararka, murzarka da agogonka. Jajayen da suka tsira ƙanana ne, ba su kai limfosait ba, kada ka lissafa da su.

In jini ne ko ɓargo

Jinin zuciya ana ɗibarsa ne dabbar tana cikin maganin barci mai zurfi wanda ba za ta farka ba, da sirinji mai mililita 1 da allura lamba 25, a zuƙa a hankali don kada zuciyar ta lotse. Jinin ɓera yana saurin daskarewa, ka juye shi nan da nan a bututu mai maganin hana daskarewa, bayan ka cire allurar. EDTA ya dace da ƙirge da tantancewa, amma yana kame kalsiyam, don haka in za ka motsa ƙwayoyin su yi aiki, hefarin ya fi. Shi kuma hefarin yana hana PCR, wato gwajin da ke ninka DNA, tafiya. In ɓeran zai ci gaba da rayuwa, kada ka ɗebi fiye da kashi 10 na jininsa, ka kuma ba shi makonni ya mayar.

Kana iya fasa jinin da ACK, ninki 10 na yawansa, galibi sau biyu. In limfosait da monosait kaɗai kake so, sai ka bi hanyar da Bøyum ya fito da ita a 1968: ka sirka jinin da PBS daidai wa daida, ka kwantar da shi a hankali a kan ruwa mai nauyi, ka juya a g 400 na minti 30, birki a kashe. Amma Ficoll, wato ruwan mai nauyin, wanda ke cikin firjin yawancin ɗakunanmu na jinin mutum ne, mai nauyin 1.077. Ƙwayoyin ɓera sun ɗan fi nauyi, da yawa za su nutse su bar ka. Nemi Histopaque-1083 ko Ficoll mai 1.084. Wannan matakin a digiri 18 zuwa 20 ake yinsa, ba a 4 ba. Farin zoben da ya tsaya tsakanin ruwan biyu shi za ka tsotse, ka wanke sau biyu.

Ɓargo kuwa, ka ciro ƙashin cinya da na ƙwauri ba tare da ka fasa su ba, ka goge naman da gauze, ka yanke kawunan biyu, ka tura ruwan sanyi da allura lamba 25 ko 27 har ƙashin ya koma fari. Ɓargon yakan fito kamar jan zare, ka warware shi da fifet, wato bututun tsotsar ruwa, ka tace. Nutirofil ba sa jira kuma ba sa jure daskarewa, ranar za ka yi aiki da su.

Bayan ƙirge

Ƙwayoyin da za su je na'urar fulo saitomita, mai tantance su ɗaya bayan ɗaya, ka raba miliyan ɗaya a kowane bututu, ka fara toshe su da maganin CD16/32 kafin ka sa masu launi, in ba haka ba makurofaj da ƙwayoyin B za su kama abin da ba nasu ba. Masu reno su shiga RPMI a digiri 37 da kashi 5 na kabon dayoksaid. Waɗanda za ka adana, ka sa su a FBS kashi 90 da DMSO kashi 10, mai kare su daga illar ƙanƙara, su sauka a hankali, kusan digiri ɗaya a minti, su kwana a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, washegari ka mayar da su tukunyar naitirojin. Kada ka bar su makonni a firizar, domin kowace ɗaukewar wuta kafin janareta ya tashi tana ɗan ɗumama su.

Gawar ka naɗe ta a jakar shara mai haɗari, ta tafi firizar gawa har ranar ƙonawa, allurai kuma a akwatinsu ba tare da ka mayar musu da murfi ba. Kafin ka bar ɗakin ka rubuta nau'in ɓeran, jinsinsa, shekarunsa a makonni, nauyin saifa, lokacin kisa, lokacin da ka gama ƙirge, mintocin ACK, da zafin ɗakin a ranar. In sakamakon wata Talata ya saɓa wa na sauran, a waɗannan layukan za ka gano dalili.